Georgetown ko Notre Dame: wacce ta fi dacewa da lauyan da ke son ƙaro ilimi a Amurka?

Lauyan da ya kammala shekara biyar a jami'a, ya wuce makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda ko Bwari ko Yola, ya taɓa aiki na 'yan shekaru, sau da yawa yakan fara tunanin digiri na biyu a ƙasar waje. Idan hankalinsa ya karkata ga Amurka, cikin sunayen da zai riƙa cin karo da su akwai Georgetown da Notre Dame. Dukansu makarantun shari'a ne masu zaman kansu, dukansu na ɗarikar Katolika ne, kuma tsakanin kafuwarsu shekara ɗaya ce tal. Wannan kamanceceniya kan sa wanda ke hangensu daga nesa ya ɗauka ɗanjuma ne da ɗanjummai, alhali kuwa wanda ya zaɓi ɗaya a maimakon ɗaya ya zaɓi irin garin da zai zauna, da irin mutanen da zai sani, da irin aikin da takardarsa za ta fi buɗe masa ƙofa a kai.

Notre Dame ce yaya. Wani limamin coci Bafaranshe, Edward Sorin, ɗan ƙungiyar limamai ta Holy Cross, shi ne ya kafa jami'ar a 1842 a arewacin jihar Indiana, kusa da garin South Bend, lokacin wurin daji ne da ƙananan tafkuna biyu. An buɗe sashen shari'a a 1869, kuma makarantar tana alfahari da cewa ita ce makarantar shari'a ta Katolika mafi daɗewa a Amurka wadda ba ta taɓa rufe ƙofarta ba. Wannan togaciya ta ƙarshe tana da dalili, domin Jami'ar Saint Louis ta riga ta buɗe nata sashen tun 1843, amma ya durƙushe bayan 'yan shekaru, bai farfaɗo ba sai a farkon ƙarni na 20. Shekarun farko na sashen shari'a na Notre Dame ba su da wani armashi, ɗalibai 'yan ƙalilan ne, sai da William Hoynes ya karɓi ragama a 1883 ya riƙe ta fiye da shekara 30 kafin makarantar ta tsaya da ƙafafunta. Mata kuwa sun daɗe a waje, domin sai a 1970 aka yaye mace ta farko, Graciela Olivarez, wadda shugaban jami'ar na lokacin da kansa ya ƙarfafa mata gwiwar shiga.

Wannan shugaba shi ne Fada Theodore Hesburgh, wanda ya jagoranci jami'ar daga 1952 zuwa 1987, kuma duk ɗan Afirkan da ya yi karatun haƙƙin ɗan'adam a Notre Dame yana cin gajiyar abin da mutumin ya shuka. Hesburgh ya zauna a hukumar kare haƙƙin 'yan ƙasa ta Amurka tun kafuwarta a 1957, a zamanin da baƙar fata ke fafutukar samun 'yancin jefa ƙuri'a da shiga makarantu, ya shugabance ta daga 1969, har ya saɓa da Shugaba Nixon aka nemi ya sauka a 1972. Shekara guda bayan haka ya kafa cibiyar nazarin haƙƙin 'yan ƙasa a makarantar shari'ar, kuma daga wannan cibiya ne shirin digiri na biyu kan dokokin haƙƙin ɗan'adam na duniya ya samo asali.

Georgetown kuwa jami'arta ta girmi Notre Dame nesa ba kusa ba, domin John Carroll, bishop na farko na Katolika a Amurka, ya kafa ta tun 1789, kuma limaman ƙungiyar Katolika ta Jesuit ne ke riƙe da ita. Makarantar shari'arta ta fara a 1870 da ɗalibai 25, da darussan dare, saboda yawancin masu zuwa ma'aikatan gwamnati ne da ke wuni a ofis su zo aji bayan an tashi. Wannan asali bai bar ta ba har yau. Shirin karatun dare yana nan, kuma ba abin mamaki ba ne ɗalibi ya tarar cewa wanda ke zaune kusa da shi da rana mataimaki ne ga wani ɗan majalisa, ko kuma malamin da ke koyar da darasin haraji da yamma da safe yana ma'aikatar kuɗi.

Tarihin Georgetown yana da tabo wanda bai kamata ɗan Afirka ya tsallake shi ba. A 1838 limaman Jesuit na jihar Maryland sun sayar da bayi 272, maza da mata da yara, ga masu gonaki a Louisiana, aka yi amfani da wani kaso na kuɗin wajen biyan bashin da ya yi wa kwalejin katutu. Sai a 2016 jami'ar ta sanar da cewa za ta fifita zuriyar waɗannan bayi wajen ba da gurbin karatu, a 2017 kuma aka yi taron neman gafara a bainar jama'a. Abin al'ajabi, jami'ar nan ce ta naɗa Patrick Healy shugabanta a 1874, mutumin da mahaifiyarsa baiwa ce, ko da yake a zamaninsa farar fata aka ɗauke shi. Makarantar shari'ar ba ta karɓi baƙar fata ba sai a 1948, mata kuma sai a 1951. A unguwar Georgetown ɗin ce kuma wani Musulmi da ake kyautata zaton Bafulatani ne, Yarrow Mamout, wanda aka kawo shi a matsayin bawa a 1752, ya samu 'yanci, ya mallaki gida, har wani shahararren mai zane ya zana hotonsa a 1819.

Sai dai makarantar shari'ar ba a waccan tsohuwar unguwa take ba, kuma wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai zaɓe ya fahimta. Tana kan titin New Jersey a tsakiyar birnin Washinton, inda babban gininta na McDonough ya tsaya tun 1971, 'yan kilomitoci daga uwar jami'ar. Wanda ya fito daga aji zai taka da ƙafa zuwa Majalisar Dokoki ko Kotun Ƙoli cikin 'yan mintoci, tashar jirgin ƙasa ta Union tana nan kusa, Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya kuma tafiyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ce gajeriya. A cikin makarantar akwai wani ɗaki da aka tsara shi ya yi kama da zauren Kotun Ƙoli, inda lauyoyin da ke da ƙara a gaban kotun ke zuwa su gwada hujjojinsu kwanaki kaɗan kafin ranar zama. Malamai da manyan lauyoyi ke zama a kujerun alƙalai, su yi ta katse mai magana da tambayoyi kamar yadda alƙalan gaske za su yi masa, ɗalibai kuma na zaune a baya suna saurare bisa sharaɗin ba za su fitar da abin da suka ji ba. Tun da aka kafa wannan cibiya a 1999 ta bunƙasa har ta kai kusan duk ƙarar da Kotun Ƙoli za ta saurara sai an gwada ta a ɗakin nan tukuna. Babu wata makaranta a tsakiyar gonakin masara da za ta iya ba ɗalibinta irin wannan.

A tsakiyar gonakin masarar kuwa Notre Dame take. South Bend ƙaramin gari ne mai mutane dubu 100 da 'yan kai, kimanin kilomita 150 gabas da Chicago, kuma akwai jirgin ƙasa da ke haɗa su. Makarantar shari'ar tana cikin harabar jami'ar, gine-gine biyu da wata gada mai rufi ta haɗa, sabon cikinsu an buɗe shi a 2009, ga ƙubbar zinariya da babbar majami'a ana hangensu daga farfajiya. Sanyin wurin ba irin na hunturun Kano ko Damagaram ba ne, domin iskar da ke tasowa daga tafkin Michigan takan zubo dusar ƙanƙara ta rufe motoci cikin dare ɗaya, kuma daga Disamba zuwa Maris mutum kan yi kwanaki bai ga rana sosai ba. A ranakun Asabar na kaka, idan ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ta jami'ar tana wasa a gida, mutane kusan dubu 80 ke cika filin, garin ya rikice, washegari kuma ya koma tsit. Wanda ya je da iyali ko yake son ya duƙufa kan littattafai ba tare da wani abu ya ɗauke masa hankali ba zai ga alherin wannan shiru, amma wanda ya saba da hada-hadar Abuja ko Legas zai iya jin kamar an kai shi ƙauye.

Girman makarantun ma ya bambanta ƙwarai. Georgetown tana cikin mafi girma a Amurka, tana ɗaukar ɗalibai fiye da 500 a kowace shekara a digirin farko na shari'a, ban da ɗaruruwan masu digiri na biyu daga ƙasashe da dama, Notre Dame kuwa ba ta cika kaiwa 200 ba. Amfanin yawa shi ne darussa barkatai, ta yadda da wuya a rasa mai koyar da fannin da mutum ke nema komai ƙanƙantarsa. Illarsa kuma ita ce ɗalibi mai kunya, wanda ya taso da tarbiyyar rashin kutsa kai ga manya, zai iya gama shekararsa babu malami ɗaya da ya riƙe sunansa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mutanenmu, domin a Georgetown wanda bai buga ƙofar ofishin malami ba, bai miƙa hannu ya gabatar da kansa a taro ba, ya biya kuɗin zama a Washinton bai ci moriyarta ba. A Notre Dame ƙanƙantar ajin kan sa malami ya san ɗalibi ko ɗalibin bai nema ba, kuma wasiƙar shaida daga wanda ya san ka da gaske ta fi ta wanda ya ga sunanka a rajista kawai.

Idan aka zo kan abin da za a karanta, kowacce da inda ta fi ƙarfi. Georgetown ta shahara a dokokin haraji, da cinikayya tsakanin ƙasashe, da tsaron ƙasa, da harkokin kuɗi da hannun jari, da dokokin kiwon lafiya ta hanyar cibiyar O'Neill da aka kafa a 2007. Cikin tsofaffin ɗalibanta akwai Jerome Powell, wanda aka naɗa shugaban babban bankin Amurka a 2018, da sanatoci irin su Patrick Leahy da Dick Durbin. Lauyan da ke aiki a hukumar tara haraji, ko babban banki, ko ma'aikatar ciniki, ko kamfanin lauyoyi mai hulɗa da masu zuba jari, nan ne wurinsa ba tare da dogon tunani ba. Akwai kuma wata ƙofa ta musamman ga matan Afirka, wato shirin LAWA da aka fara a 1993, wanda ke ɗaukar lauyoyi masu fafutukar haƙƙin mata daga ƙasashe irin su Ghana da Najeriya da Kamaru da Uganda, ya ɗauki nauyin karatunsu, bisa alkawarin za su koma gida su ci gaba da aikin. Sai dai a kula da wani abu guda. Georgetown ta yi suna wajen sassan koyon aiki inda ɗalibai ke riƙe ƙararrakin mutane na gaske ƙarƙashin kulawar malami, amma galibin waɗannan gurabe na masu digirin farko ne, don haka kada mai neman digiri na biyu ya gina zaɓinsa a kansu kafin ya tambaya.

Notre Dame ba ta da wannan faɗi, amma tana da zurfi a wurare uku. Na farko shi ne shirin haƙƙin ɗan'adam da aka ambata, wanda ke tara ƙaramin rukuni na lauyoyi, mafi yawansu daga Afirka da Kudancin Amurka da Asiya, mutanen da suka riga suka taɓa kare fursunoni ko 'yan gudun hijira a ƙasashensu, kuma an san shi da ba da tallafi mai tsoka ga da yawa daga cikin waɗanda ya ɗauka. Na biyu shi ne falsafar shari'a, musamman mahangar da ke cewa doka tana da tushe a ɗabi'a da gaskiya wanda ya wuce abin da majalisa ta rubuta, fannin da John Finnis ya daɗe yana koyarwa a can. Wanda ya yi karatun usulul fiƙihu da maƙasudan shari'a a Bayero ko Ɗanfodiyo zai tarar da tambayoyin da ya sani cikin wata riga daban. Na uku shi ne 'yancin addini, wanda shugaban makarantar Marcus Cole, baƙar fata na farko da ya riƙe muƙamin, wanda aka naɗa a 2019, ya buɗe masa shiri na musamman a 2020, kuma shirin ya tsoma baki a ƙararrakin mabiya addinai daban-daban, ciki har da Musulmi da 'yan asalin Amurka na ƙabilar Apache. Makarantar tana kuma da reshe a Landan tun 1968, kusa da dandalin Trafalgar.

Batun addini shi ne abin da iyaye suka fi tambaya, kuma a nan ne kalmar Katolika ke ɗaukar ma'ana biyu. Babu ɗaya daga cikin makarantun da ke tilasta wa ɗalibi shiga coci ko tambayar addininsa kafin ta ɗauke shi. Amma a Notre Dame addinin a fili yake, akwai gicciye a bangon azuzuwa, akwai ƙaramar majami'a a cikin ginin makarantar, wasu malamai kan buɗe darasi da addu'a, kuma malamai da yawa suna da ra'ayin mazan jiya kan zubar da ciki da aure. Daga nan Amy Coney Barrett ta fito, ta gama a 1997 tana ta ɗaya a ajinta, ta koyar a makarantar tun 2002, aka naɗa ta mai shari'a a Kotun Ƙoli a 2020. A Georgetown kuwa mutum zai iya gama shekara bai tuna cewa makarantar coci yake ba, domin gadon Jesuit ya fi bayyana a harshen adalci da hidima ga marasa galihu, yanayin ajin kuma ya fi karkata ga masu sassaucin ra'ayi. Duk da haka gadon bai mutu ba, domin a Maris 2025, da wani babban mai gabatar da ƙara na gwamnatin tarayya ya rubuto yana barazanar daina ɗaukar ɗalibanta aiki saboda abin da take koyarwa, shugabanta na lokacin William Treanor ya mayar da martani yana kafa hujja da tsarin mulki da kuma matsayinta na makarantar Katolika.

Ga Musulmi, sauƙin rayuwar yau da kullum ya fi yawa a Washinton. Georgetown ta ɗauki limamin Musulmi na cikakken lokaci, Imam Yahya Hendi, tun 1999, tana cikin jami'o'in farko a Amurka da suka yi haka, birnin yana da babban masallacin da aka buɗe a 1957 da wasu masallatai da dama, naman halal da kayan miya na gida ba su da wahalar samu, ofisoshin jakadancin ƙasashenmu suna nan, kuma 'yan Afirka ta Yamma sun cika unguwannin Maryland da ke maƙwabtaka. A South Bend akwai masallaci da ƙaramar al'umma, har wasu likitoci biyu Musulmi mata da miji, iyalan Ansari, suka ba jami'ar kyautar dala miliyan 15 a 2017 don kafa cibiyar nazarin addinai, amma zuwa Juma'a ba tare da mota ba a tsakiyar Janairu aiki ne. A gefe guda kuma, mai riƙo da addini, Musulmi ne ko Kirista, zai iya samun kansa ya fi sakewa a Notre Dame, inda ba a kallon wanda ya kawo hujjar imani cikin muhawara a matsayin baƙon abu.

Kuɗin makaranta ba zai raba gardama ba, domin a duka biyun ya zarce dala dubu 65 a shekara, kuma na Georgetown ya ɗan ɗara. Abin da ke raba gardama shi ne haya da abinci, tunda Washinton tana cikin birane mafi tsada a Amurka, kuɗin ɗaki ɗaya a can zai iya kama gida sukutum a South Bend. Ga wanda albashinsa da ajiyarsa na naira ne ko sefa, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce nawa zai rage a kansa bayan an cire tallafi, kuma makarantar da ta ba shi cikakken tallafi ta riga ta yi nasara ko da ɗayar ta fi ta suna.

Akwai wani tarko da ya kamata a sani tun kafin a cike takarda. Da yawa suna tafiya da niyyar rubuta jarrabawar zama lauya ta jihar New York, wadda ke buɗe ga lauyoyin ƙasashen waje da suka yi digiri na biyu a Amurka, amma bisa sharaɗin sun ɗauki wasu darussa ƙayyadaddu, kamar ɗa'ar aikin lauya, da rubutun shari'a, da tsarin dokokin Amurka. Shirin da ya tattara kan fanni guda, kamar haƙƙin ɗan'adam ko haraji, ba lallai ne ya bar sararin cusa waɗannan darussa ba, don haka mai wannan niyya ya nemi amsa a rubuce daga makarantar da kuma hukumar jarrabawar. Haka nan, Notre Dame ta yi fice wajen tura ɗalibanta su zama mataimakan alƙalan tarayya, amma wannan tagomashi ne na 'yan ƙasa masu digirin farko, ba zai amfani baƙo mai shekara ɗaya ba. Lauyan Nijar ko Chadi da ya yi karatu da Faransanci yana da ƙarin dalilin duba Georgetown, saboda tana da tsarin digiri na biyu na shekara biyu wanda ake ware shekarar farko don ƙwarewa a Ingilishin shari'a, ko da yake hakan na nufin ƙarin kuɗi.

A ganina, lauyan da zai dawo gida ya yi aiki da ƙungiyar kare haƙƙi, ko hukumar haƙƙin ɗan'adam, ko ya koyar a jami'a, kuma ba shi da mai ɗaukar nauyinsa, ya sa Notre Dame a gaba, idan mace ce kuma ta haɗa da neman LAWA. Wanda ma'aikatarsa ko kamfaninsa zai biya, ko yake hangen aiki a Bankin Duniya ko wata hukumar ƙasa da ƙasa, kuma ya san ba ya jin nauyin gabatar da kansa ga baƙi, Georgetown za ta ba shi abin da ba zai samu a Indiana ba. Kowanne daga cikinsu kuma ya fara da duba matsayin biza, domin a 2025 gwamnatin Amurka ta tsaurara ƙa'idojin shiga ga 'yan ƙasashe da dama na Afirka, ciki har da Najeriya da Nijar da Chadi da Sudan, kuma matakan sun shafi ɗalibai. Ya kamata ya tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantar ko za su ɗaga masa gurbin da tallafin zuwa shekara mai zuwa idan biza ba ta fito ba, kuma ya samu amsar a rubuce kafin ya biya kuɗin kama gurbi.